Cacar waya: wanda ya ci aka hana shi, ina zai kai kuka?

A da wanda yake son caca sai ya fita gidansa, ya nemi lungu bayan kasuwa ko gindin wata katanga, ya zauna da abokan wasansa ido da ido. In gardama ta tashi, wanda ya ci da wanda aka cinye duk suna nan, shaidu ma suna nan, kuma komi daɗewa maganar tana isa kunnen mai unguwa. Yau gidan caca ya shiga aljihu. Yana cikin wayar salular ɗan kabu-kabu a Maraɗi, da ta ɗan lakkwal a Damagaram, da ta ma'aikacin da yake jiran ƙarshen wata a Tawa ko Yamai. Ana zuba kuɗɗi cikin ƙiftawar ido, ba mai tambayarka sunan ubanka. Amma ranar da sa'a ta faɗo maka, ka ce a ba ka abin da ka ci, ranar ce za ka tarar ƙofar da ka shiga a buɗe ta koma bango.

Bari mu faɗi matsayinmu tun da wuri, don kada a yi mana mummunar fahimta. Wannan shafi ba ya kiran kowa zuwa ga caca. Addinin mafi yawan ƴan ƙasar nan ya hana ta, hanin yana cikin Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91, malamanmu kuwa ba su gaji da tunatarwa ba. To amma abin da wa'azi bai kawar ba tukuna, hukuma ba ta da damar kau da kai daga gare shi. Kuɗɗin da ake zubawa a waɗannan gidaje gumin ƴan ƙasa ne, kuɗɗin hatsi ne da na magani da na adashin mata, kuma suna ƙetare iyaka ba su dawowa. Mutum ya yi kuskuren shiga caca, wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa da iyalinsa. A yi masa alkawari a rubuce sannan a murɗe, wannan zamba ce, zamba kuwa aikin hukuma ne ko da wanda aka zambata ba waliyyi ba ne.

Yadda rigimar take farawa kusan iri ɗaya ce ko'ina. Mu ɗauki misalin saurayi da ya zuba jikka goma. Gidan cacar ya ce masa ga kyautar wata jikka goma an ƙara masa, don murnar zuwansa. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. A cikin sharuɗɗan da ya amince da su da danna yatsa ɗaya, ba tare da ya karanta ba, an rubuta cewa ba zai fitar da ko dala ba sai ya juya wannan kyauta sau 35. Wato sai ya yi wasan jikka 350 kafin jikka goman nan ta zama tasa. Yanzu mu yi lissafi irin na ajin yaƙi da jahilci. A ce na'urar da yake wasa da ita an tsara ta tana maida wa ƴan wasa 96 cikin kowace 100 da aka zuba, tana riƙe wa mai gida 4. Huɗu cikin ɗari na jikka 350 ya kama jikka 14. Ke nan, bisa ga lissafin da aka gina na'urar a kansa, kafin ya cika sharaɗin kyautar jikka goma, abin da ake sa ran ya bari a wurin ya fi kyautar yawa. Ba sihiri a ciki, ba kuma sai an yi masa maguɗi ba. Tsarin ne haka. Ko faifan nan mai juyawa da ake kira rulet, mai gurabe 37, in ka dace da lambarka ninki 35 kaɗai ake biyanka, bambancin nan shi ne abincin mai gida, wajen 2,7 cikin ɗari na duk abin da aka aza.

To a ce saurayin nan ya tsallake wannan, sa'a ta yi masa rana, allon wayarsa ya nuna jikka 400. Ya nemi a biya shi. Nan ne za a tuna ba a san shi ba. A ce ya aiko hoton katin shaidarsa na ɗan ƙasa, ya aiko. A ce hoton bai fito ba. Ya sake, a ce ya ɗauki kansa riƙe da katin. Daga nan a nemi takardar wuta ko ta ruwa mai ɗauke da sunansa da adireshinsa, ga mutumin da yake zaune gidan haya ko gidan gado, a unguwar da ake kwatancen gida da masallaci ko da bishiyar dogonyaro. Tantance mai asusu ba laifi ba ne, dokokin yaƙi da halatta kuɗɗin haram sun wajabta shi, kuma shi ne yake hana yara ƙanana shiga. Abin tambaya shi ne, don me ba a nemi waɗannan takardu ranar karɓar kuɗɗinsa ba, sai ranar biyansa? Gidan da yake da gaskiya yana tantance baƙonsa a bakin ƙofa.

Akwai kuma wasu dalilan da ake kafawa. A ce an ga asusu biyu daga waya ɗaya, alhali kowa ya san a fadar samari waya guda tana zagaya hannu biyar kafin shayi na uku ya sauka. A ce lambar da aka zuba kuɗɗi da ita ba sunan mai asusun take ɗauke da shi ba, alhali layin da sunan yayansa aka yanke shi. A ce ƙasarsa ba ta cikin ƙasashen da aka yarda su yi wasa, bayan an shekara ana karɓar kuɗɗinsa. Ko a ce ba a fitar da fiye da kaza a mako, a bar sauran a gabansa yana kallo, da maɓallin soke buƙatar biya kusa da yatsansa, har zuciya ta rinjaye shi ya maida su cikin wasa. Mafi girma a cikinsu shi ne a ce na'ura ce ta yi kuskure, kuskuren na'ura kuwa yana soke kowane ci.

Wannan hujja ta ƙarshe an gwada ta gaban alƙali a Ingila, kuma yana da kyau mahukuntanmu su san yadda ta ƙare. A watan Janairu na 2018 wani mutum ya ci fam miliyan 1,7 a wasan karta na waya na kamfanin Betfred, abin da ya haura miliyar ɗaya na kuɗɗinmu. Kamfanin ya ce tangarɗar na'ura ce, ya ƙi biya, ya yi masa tayin ɗan abin da bai kai kashi biyar cikin ɗari ba bisa sharaɗin ya yi shiru. Mutumin ya ƙi. A watan Afrilu na 2021 babbar kotun London ta ba shi gaskiya, ta ce sharuɗɗan da kamfanin ya fake da su ba a rubuta su a fili ba, ba a kuma jawo hankalin ɗan wasa gare su yadda ya kamata ba. A watan Maris na 2025 kotun ta sake yanke irin wannan hukunci a kan kamfanin Paddy Power, wanda allonsa ya nuna wa wata mata ta ci sama da fam miliyan ɗaya a 2020, amma aka biya ta wajen fam dubu 20. Darasin da ke ciki babba ne: sharaɗin da aka binne cikin dogon rubutu ba ya ɗaure wanda ba a nuna masa shi ba. Sai dai a lura da abin da ya ci kafin a kai ga haka. Na farko shekara uku ya yi yana shari'a, ta biyu fiye da huɗu, a ƙasarsu, da harshensu, da lauyoyinsu, kuma da kamfanonin da suke da ofishi da lasisi a ƙasar, waɗanda ma'aikacin kotu zai iya ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Ɗan Gidan Rumji ko Matamai wace ƙofa zai ƙwanƙwasa? In ka gangara can ƙasan shafin yawancin waɗannan gidaje, inda rubutu ya fi ƙanƙanta, za ka ga inda suka yi rajista. Da yawa Kurasawo ne, wani tsibiri a tekun Karibiyan ƙarƙashin masarautar Holan, wanda tun 1996 ya danƙa manyan lasisi ga kamfanoni huɗu, su kuma suka riƙa sayar da ƙananan lasisi ga duk mai iya biya, ba tare da wani sa ido na kirki ba. Sai a watan Disamba na 2024 sabuwar dokar tsibirin ta fara aiki, wadda ta maida ba da lasisi hannun hukuma. Waɗansu sun yi rajista a Anjuwan ta tsibiran Komoro. Waɗansu a Malta, wadda ta kafa ƙa'idojin cacar nesa tun 2004, kuma hukumarta tana karɓar koken ƴan wasa. Waɗansu kuwa hoton hatimin lasisi kawai suka manna, ba su da rajista ko'ina. Sharuɗɗan sukan ce duk wata rigima a kotun can za a yi ta, da dokar can. Wa zai sayi tikitin jirgi zuwa Karibiyan don jikka 400?

Akwai wani abu kuma da masana shari'a suka sani, talaka bai sani ba. Dokar zaman jama'a ta Faransa ta 1804, wadda tamu ta samo tushe daga gare ta, a aya ta 1965 ta hana kotu karɓar ƙarar neman bashin caca. Wasannin da hukuma ta ba izini ne suke fita daga wannan hani. Ma'anarsa, wanda ya yi wasa a gidan da ba shi da izini yana iya zuwa gaban alƙali da hujjojinsa cif, ya tarar ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba. Saboda haka tambayar farko a kowace irin wannan rigima ba nawa ka ci ba ce. Tambayar ita ce wa ya ba gidan izini, kuma ina mai ba da izinin yake zaune.

Ga wanda ya riga ya faɗa, ba za mu ce masa ya rungume hannu ba. Abu na farko, ya daina wasa a asusun nan daga lokacin da gardama ta tashi, domin duk dalar da ya sake azawa hujja ce ga mai gida, kuma kuɗɗin da ake jayayya a kansu suna iya narkewa kafin a saurare shi. Ya ɗauki hoton allo na abin da ya ci, da ranar da sa'ar, da lambar wasan, da sharuɗɗan kamar yadda suke a ranar, don ana sauya su ba sanarwa. Ya adana saƙonnin shaidar tura kuɗɗi da suke shigowa wayarsa, kada ya goge su don neman wuri. Sannan ya rubuta koke, a rubuce ba da baki ba, gajere, ba zagi ba barazana: ga sunana, ga lambar asusuna, ga abin da na ci ranar kaza, ga ranar da na nemi biya, ku nuna mini sharaɗin da kuka dogara da shi, ina jiran amsa cikin kwana kaza. A nan ne wanda ya sha wahalar zaman ajin dare yake cin ribar alƙalaminsa. In amsa ba ta zo ba, ko ta zo ba dalili, ya kai koken da hujjojinsa ga hukumar da sunanta yake kan lasisin, bayan ya duba a shafin hukumar kanta cewa lasisin na gaske ne. In kuwa ta bayyana gidan na ƙarya ne, ko wani dillali ne a cikin gari ya karɓi kuɗɗin ya ce zai cika asusu ko ya fitar, sannan ya ɓace, wannan ba rigimar caca ba ce kuma, sata ce, wurinta ofishin ƴan sanda ko na zandarma, kuma ƙasarmu tana da dokar yaƙi da laifuffukan intanet tun 2019.

Mu yi gargaɗi a kan wata cuta da take bin bayan ta farko. Da zarar mutum ya yi kukan an hana shi kuɗɗinsa a Facebook ko WhatsApp, sai ga masu taimako sun fito, wannan ya ce shi ma'aikacin gidan ne, wancan ya ce yana da hanyar buɗe asusu, sai dai a tura jikka ashirin kuɗɗin haraji ko na buɗewa. Ba gidan kirki da yake neman ka biya kafin ya biya ka. Wanda ya tura, an cuce shi sau biyu. Wanda ya ba da lambar sirrinsa ko hoton katinsa kuwa, yana iya wayar gari an ci bashi ko an yi zamba da sunansa.

Sai dai gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce, ko an bi duk waɗannan matakai, mutum ɗaya a gaban kamfanin da ba shi da ƙofa a ƙasarsa ƙarfinsa kaɗan ne. Shi ya sa maganarmu ta fi nufar masu riƙe da al'amuran jama'a. Waɗansu ƙasashe sun riga mu tunani a kan wannan. A Ingila, ƙarƙashin dokar caca ta 2005, kamfanin da yake da lasisi mako takwas gare shi ya warware koken ɗan wasa, in ya wuce haka ɗan wasan ya tafi wurin mai sasantawa mai zaman kansa, kyauta, irin su IBAS da aka kafa a 1998, kuma hukuncinsa yana ɗaure kamfani har zuwa fam dubu 10. Faransa ta bi wata hanya: a 2010 ta halatta cacar wasanni da sukuwar dawaki da kartar foka ta intanet, ta ƙi halatta na'urorin kazino da rulet, ta kafa hukumar ANJ a 2020 da mai shiga tsakani na kyauta, kuma tun 2022 hukumar tana da ikon ba da umurnin toshe shafukan da ba su da izini. Makwabtanmu na kudu ma suna fama. A watan Oktoba na 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo, a watan Nuwamba na shekarar kuma kotun ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta maida ikon ga jihohi. Amma rufe shago ba ya rufe waya, kuma abin da aka kora daga Kano ba ya buƙatar takardar ƙetare iyaka kafin ya iso Ɗan Isa ko Magarya.

Ba mu ce a kwafo tsarin kowa ba. Ko ƙasa ta zaɓi hani, ko ta zaɓi izini mai tsauri, abin da ba ya yiwuwa shi ne a bar ɗan ƙasa bai san a wace gona yake ba. Tun 1966 ƙasar nan take da Lonani, hukumar da aka ɗora wa sha'anin wasannin sa'a, saboda haka ba daga sifili za a fara ba. Muna roƙon a riƙa karanta sunayen waɗanda aka ba izini a Muryar Sahel da rediyoyin karkara, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a maimaita har kowa ya haddace, don mutum ya san duk sunan da bai ji ba, ba mai tsaya masa a kansa. Duk kamfanin da zai karɓi dala ɗaya daga hannun ɗan Nijar, a tilasta masa adireshi a cikin ƙasa, da wakilin da za a iya kira gaban alƙali, da ajiyar jingina a banki wadda za a biya mai gaskiya daga ciki in kamfanin ya noƙe. A yanka masa wa'adin amsa koke. A hana shi neman takardu ranar biya in bai neme su ranar karɓa ba. Sharaɗin kyauta kuwa a rubuta shi da manyan baƙaƙe, da lissafinsa a fili, da harshen da mai zuba kuɗɗin yake ji.

Akwai wata igiya da take hannunmu ko da kamfanin yana bayan teku. Kuɗɗin ba ta iska suke tafiya ba. Ta asusun waya suke bi, da wuraren aika kuɗɗi, da katunan banki, waɗannan kuwa duk suna ƙarƙashin ƙa'idojin babban bankinmu na BCEAO da hukumar ARCEP mai kula da sadarwa. Gidan da aka tabbatar yana karɓa ba ya biya, a yanke masa hanyar karɓa. Wannan ya fi toshe shafi tasiri, domin shafin da aka toshe da safe yana dawowa da sabon suna kafin la'asar, amma buɗe sabuwar hanyar kuɗɗi sai da sa hannun wani da yake zaune a cikinmu.

Wani zai ce, in hukuma ta buɗe wurin karɓar koken ƴan caca, ai ta ɗaure wa caca gindi ke nan. Mun ji wannan magana, kuma ba ta banza ba ce. Amma likita ba ya korar wanda ya faɗo daga bishiyar da aka hana shi hawa. Bayan haka, kunya ita ce babbar garkuwar waɗannan gidaje. Magidanci ba ya iya gaya wa matarsa, ɗalibi ba ya iya gaya wa ubansa, ma'aikaci ba ya iya gaya wa shugabansa, kowa ya haɗiye tasa, gidan kuma ya ci gaba da talla da fuskokin ƴan ƙwallo. Wurin da mutum zai kai koke a rufa masa asiri shi ne zai ba hukuma sunayen gidajen da suka fi cuta, da yawan abin da yake fita, da shekarun waɗanda ake cinyewa. A wurin nan ne kuma za a iya tarar wanda abin ya zame masa ciwo, a rufe masa asusu bisa roƙonsa, a haɗa shi da mai ba shi shawara.

Muna da kalma ta musamman ga ma'aikata masu riƙe da kuɗɗin jama'a: mai karɓar haraji a kasuwa, ma'ajin ƙungiyar manoma, mai riƙe da asusun iyayen yara a lakkwal. Jikka 400 da allo ya nuna maka ba kuɗɗi ba ne sai ranar da suka shigo hannunka. Wanda ya taɓa akwatin da aka ba shi amana yana cewa zai maida in an biya shi ranar Litinin, ya sani mai binciken asusu ba ya karɓar hoton allo a madadin abin da ya ɓace, kuma a gaban alƙali sunansa ne a kan takardar, ba sunan wani kamfani na Kurasawo ba.

Malaman yaƙi da jahilci kuwa, ga darasin lissafi ya zo muku har gida. A ɗauki sharaɗin kyautar nan a rubuta shi a allo, a bar ɗalibai su ninka 10 sau 35 da kansu, su fitar da huɗu cikin ɗari, sannan a tambaye su tiya nawa ta hatsi jikka 14 take saye a kasuwar garinsu a wannan mako.